Shin sanyin hunturu ne ke kawo mura, ko kuwa wani abu ne daban?

Maman Ilham, Zariya

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masu ilimin lafiya da ke wannan zaure. Ni malamar firamare ce, kuma a duk shekara da zarar hunturu ya kankama, aji yakan cika da tari da atishawa da majina, har wani lokaci muryar malami ba ta fita saboda tarin yara. Iyaye suna cewa sanyi ne ya kama su, shi ya sa wasu suka daina yi wa 'ya'yansu wankan safe, wasu kuma ba sa barinsu su zo makaranta sai rana ta ɗaga. Ƙanwata da ke karatun aikin jinya kuwa ta ce mini sanyi ba ya kawo mura ko kaɗan, ƙwayar cuta ce kawai. Idan maganarta gaskiya ce, me ya sa cutar take zaɓar wannan lokaci? Ina so in san abin da zan faɗa wa iyaye idan mun haɗu a taro.

Abu Safwan, jami'in lafiya, Kano

Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanwarki ta faɗi gaskiya a kan asalin cutar, amma ta ɗan wuce gona da iri da ta ce sanyi ba shi da hannu ko kaɗan.

Mura ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta, kuma ire-irensu sun haura 200, wadda ta fi yawa a cikinsu ita ce rainobairos. Mutum yana ɗaukarta ne daga wani mutum, ta tari ko atishawa, ko ta hannun da ya taɓa majina sannan ya taɓa hanci ko ido. Inda babu ƙwayar, babu mura, komai tsananin sanyi. An ga haka ƙarara a farkon shekarun 1930 a tsibirin Spitsbergen da ke can arewacin ƙasar Norway, inda ƙanƙara take rufe teku watanni da dama ta raba masu haƙar kwal da sauran duniya. A tsakiyar wannan sanyi da ba mu taɓa ganin irinsa ba, mura ta kusa ɓacewa a garin, amma da jirgin ruwa na farko ya iso da baƙi bayan ƙanƙara ta narke, cikin 'yan kwanaki cutar ta game gari. Haka kuma a Ingila akwai wata cibiyar binciken mura a garin Salisbury da aka buɗe a 1946, inda aka riƙa sa 'yan sa-kai su yi wanka su tsaya a jiƙe a wurin da iska ke kaɗawa, kuma sanyin shi kaɗai bai sa musu mura ba.

Sai dai sanyi yana sauƙaƙa wa ƙwayar aikinta. Zafin cikin jikin mutum yana kusa da digiri 37, amma cikin hanci yakan sauka zuwa wajen 33, kuma idan ana shaƙar iska mai sanyi yakan ƙara sauka. Binciken da aka yi a Jami'ar Yale ta Amurka, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa rainobairos ta fi hayayyafa a wannan sanyi-sanyin na hanci, domin garkuwar ƙwayoyin halittar da ke wurin takan yi rauni. Ga kuma abin da ni na fi ɗora wa laifi, wato cunkoso. Da sanyi ya shigo, ana rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma, mutum bakwai ko takwas su kwana ɗaki ɗaya suna shaƙar numfashin juna har asuba. Ajinki ma haka yake idan an rufe tagogi.

Malam Garba, Damagaram

Likita, na karanta bayaninka da kyau, kuma Allah ya ƙara ilimi, amma zuciyata ba ta gama natsuwa ba. Mun girma muna ganin yaro ya yi wasa da ruwa da sassafe, ko ruwan sama ya yi masa duka, kafin kwana biyu hanci ya fara zuba. Iyayenmu da suka hana mu yawo ba takalmi a kan daɓe mai sanyi ba karatun boko suka yi ba, amma sun daɗe suna lura, kuma ban ga dalilin da zai sa a yi watsi da abin da suka lura da shi ba. Sannan ba ka yi maganar ƙura ba. A nan wajenmu akwai ranakun da hazo ke rufe gari har ba ka hango masallacin unguwa, leɓe ya tsage, hanci ya bushe har ya yi haɓo. Shin wannan ba shi da alaƙa da sanƙarau da muke fama da shi?

Abu Safwan, jami'in lafiya, Kano

Malam, ba za a yi watsi da lurar magabata ba, domin har an gwada ta. A 2005, masu bincike a Jami'ar Cardiff ta Birtaniya sun ɗauki mutum 180, rabinsu suka tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi na minti 20, sauran ba su tsoma ba. Cikin kwanaki biyar, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda suka sha sanyin suka ce sun fara jin alamun mura, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 9 ne kacal. Fassarar da masu binciken suka yi ita ce, mutane da yawa suna yawo da ƙwayar a hanci ba tare da ta nuna ba, sai sanyi ya tsuke jijiyoyin jinin hanci, ita kuma ta samu sarari. Ke nan yaron da ruwa ya yi wa duka mai yiwuwa ya riga ya ɗauko ta daga abokan wasansa.

Maganar ƙura kuwa ka taɓo inda ya fi damuna. Yawancin ƙurar hunturu iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Busasshiyar iska da ƙura suna ƙone laimar da ke lulluɓe cikin hanci da maƙogwaro, wadda ita ce ke kama ƙwayoyin cuta ta fitar da su. Sanƙarau ba bairos ɗin mura ke kawo shi ba, mafi haɗarinsa bakteriya ce da mutane da yawa ke ɗauke da ita a maƙogwaro lafiya ƙalau, sai idan wurin ya bushe ya ji rauni ta samu hanyar shiga jini. Shi ya sa annobarsa ke farawa da rani, ta yi tsanani daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, ta lafa da saukar damina. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Akwai allurar rigakafi, kuma duk wanda zazzaɓi mai zafi ya haɗe masa da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Hajiya Binta, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Jos

Maman Ilham, 'yata, tun da iyaye za ki fuskanta, bari in ba ki abin da na fi so su ji. Mu nan Jos mun san sanyi, kuma ban taɓa hana uwa sa wa ɗanta rigar sanyi da hula da safa ba, musamman jariri, domin jikinsa ba ya riƙe ɗumi kamar na babba. Wanka ma kada a daina, a ɗuma ruwa a yi shi a cikin ɗaki ko idan rana ta fito, a shafa basilin ko man kaɗanya.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutane su kwanta da ɗan ciwon kai da kasala, wani ba zai sake tashi ba. Ko da bai kai ga haka ba, hayaƙin yana tayar da asma, yana kuma raunana ƙirjin yara. Idan an gama jin ɗumi, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta.

Sannan ki roƙe su su daina zuwa kemis sayen kafso saboda mura. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos, kuma yawan shansa ba bisa ƙa'ida ba yana sa ya daina aiki a ranar da ake buƙatarsa da gaske. Mura takan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. A ba yaro ruwa da kunu mai ɗumi, a ci gaba da ba jariri nono, kuma zuma tana rage tari, amma ba a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba. Abin da uwa za ta sa wa ido shi ne numfashi. Ta ɗaga rigar yaron lokacin da yake kwance shiru, ta ƙirga a minti ɗaya: idan ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ta ga ƙasan haƙarƙarinsa yana loɓawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, to nimoniya ake tsoro, kuma wannan na asibiti ne ba tare da jinkiri ba.

A ajinki kuma, ki bar taga ɗaya ko biyu a buɗe ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, ki ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, ki koya musu yin atishawa a cikin gwiwar hannu. Yaron da ke zazzaɓi a bar shi ya huta a gida har ya sauka.