Taƙaitawa: dalmar fetur da yaran Damagaram

Ga abin da na tsinto daga wata muhawara da muka yi kan illar dalmar fetur ga yaran Damagaram:

1. An yarda: tun 2006 aka daina zuba dalma a fetur a ƙasashenmu na kudu da Sahara, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, 2021. Amma dalma ba ta ruɓewa, tana nan cikin ƙurar bakin titi da tasha.
2. Tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Tana kwanciya cikin ƙashi shekaru, in yarinya ta girma ta ɗauki ciki sai ta kai ga ɗan tayi. Wannan ya fi tada min hankali.
3. Shawara: wanke hannun yara kafin cin abinci, a yayyafa ruwa kafin shara, a nisanta yaran da wurin fasa tsohon batir, don akwai dalma a cikinsa.
4. Kwalli ne ya raba mu, don akan sami dalma a cikinsa. Wasu sun ce a daina sa wa jarirai, wasu suka ce gadon kakanni ne. Ni dai ina tare da na farko.