Wasiƙun kakanmu daga yaƙin Bama: shin in kai wa maƙwabtanmu labarin da ke ciki?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wata amana da ta faɗo hannuna ba shiri. Bayan rasuwar mahaifinmu, da muka buɗe tsohuwar adakarsa, sai muka tarar da wasiƙu 9 naɗe a cikin ƙyalle, waɗanda kakanmu ya aiko wa yayansa daga Indiya da Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu) tsakanin 1943 da 1945, a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin yana kofur a Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma. Guda 6 da ajami ya rubuta su da hannunsa, sauran kuma da boko ne. Takardun sun yi ja, gara ta ci gefen biyu daga ciki.

Yawancinsu gaisuwa ce da bege. Yana faɗin ruwan saman da ba ya ɗaukewa da yadda jiragen sama ke jefo musu abinci a daji, kuma a kusan kowace wasiƙa sai ya tambaya ko 'yarsa ta fara tafiya, wato gwaggonmu, wadda yanzu ta haura shekara 80. Ta ƙarshe ce ta hana ni barci. A cikinta ya bayyana yadda aka harbi amininsa, ɗan unguwarmu, lokacin da suke ja da baya a kwarin Kaladan, yadda ya goya shi dare guda cur har rai ya yi halinsa, da yadda shi da wasu mutum biyu suka yi masa salla suka rufe shi a bakin ruwa, ba likkafani sai bargonsa. Jikokin mamacin na nan bayan gidanmu, kuma tun muna yara muke jin ana cewa kakansu ya gudu ne ya yi aure a Indiya ya manta da iyalinsa. An ce kakanmu ya faɗa wa mahaifiyar mamacin gaskiya da ya dawo a 1946, amma ta ƙi yarda saboda ba ta ga gawa ba. Shin in kai musu wasiƙar, ko kuwa tayar da tsohon miki zan yi? Sannan ta yaya zan adana takardun?

Wani tsohon soja daga Kaduna: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mazan jiya. Abin da kakanka ya rubuta ya yi daidai da tarihi, domin Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a yankin Arakan a farkon 1944, kuma a watan Maris na shekarar sojojin Japan suka matsa mata lamba har ta ja da baya. Kada ka yi mamakin cewa sai a wasiƙar ƙarshe ya buɗe cikinsa, saboda a lokacin yaƙi hafsoshi na tace wasiƙun sojoji, ba a barin sunan wuri ko labarin asara ya fita, sai bayan Japan ta miƙa wuya a Agusta 1945 aka sassauta. Ni na zauna a barikin Dalet shekaru da dama kafin in san sunan wani wuri ne a Bama inda iyayenmu suka zubar da jini, haka nan barikokin Arakan da Myohaung a Legas, shi kuwa barikin Chindit na Zariya sunan wata rundunar da ta yi yaƙi a Bama aka sa masa. Shawarata ita ce ka kai musu. A wurin soja babu abin da ya kai a kira shi magujin yaƙi ciwo, kuma wannan bawan Allah ya shekara 80 yana ɗauke da sunan da ba nasa ba, alhali takardar da za ta wanke shi tana kwance a adaka.

Wata uwa daga Gusau: Ban ƙi maganar Baba ba, sai dai ina roƙonka ka bi a hankali. Kada ka shiga gidan mutane da takarda a hannu kamar mai kai sammaci, kuma kada su fara jin labarin a waya ko a bakin wani. Ka fara da gwaggonku, domin ita ta fi kowa haƙƙi a kan kalmomin mahaifinta, ka karanta mata wuraren da yake tambayar lafiyarta, sannan ka nemi izininta a kan sauran. Idan ta amince, ku nemi babban gidan maƙwabtan naku tare da limamin unguwa, a keɓe. Idan akwai ɗan mamacin ko 'yarsa da rai, ka tuna cewa mutum ne da ya tashi yana jin uban da ya haife shi ya yasar da shi, saboda haka a bar shi ya zaɓi ko yana son jin yadda aka yi dalla-dalla, ko kuwa ya wadatu da sanin cewa an yi wa mahaifinsa salla an binne shi.

Wata ma'aikaciyar adana takardun tarihi: Malam, kafin komai ka ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, da rana a inuwa, har da ambulan idan akwai, domin tambarin gidan waya da lambar soja na da matuƙar amfani. Kada ka yi musu lamineshin, kada ka liƙe inda ya yage da salatif, kada kuma ka kulle su a leda, domin zafi da gumi za su cinye tawadar. Ka warware su a hankali, ka sa farar takarda tsakanin kowace biyu, ka ajiye a wuri busasshe. Ka sami dattijon malami da ya saba da tsohon ajami ya karanta da baki kana naɗar muryarsa. Game da mamacin kuwa, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da rumbun sunaye a intanet, kuma a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon na ƙasar Bama akwai ginshiƙan da aka zana sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, har da 'yan Afirka ta Yamma. Ka nemi sunansa haɗe da sunan garinku, domin haka Turawa suka riƙa rubuta sojojinmu, kuma ka gwada rubutu iri-iri. Idan iyali sun yarda daga baya, Gidan Arewa da ke Kaduna wuri ne da ya dace a kai kwafi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da yamma na karanta wa Gwaggo wasiƙu uku, ta sa na maimaita mata wurin tambayar tafiyarta har sau biyu, tana share hawaye da gefen mayafinta. Ta ce 'yar mamacin na nan da rai a wani ƙauye kusa da mu, ƙawarta ce tun suna talla, kuma ita da kanta za ta je. Mun sa ranar Juma'a bayan la'asar, ni zan riƙe mata kwafin, asalin kuma zai zauna a gida.