Musayar Waƙa: Zauren Kayan Noman Da

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum. Bayan girbi mai garinmu ya ware zaure aka jera kayan noman da, 'yan makaranta na ta zuwa kallo. Ga tawa, mai amsa ya amsa.

Na fara da sunan Rabbana mai girma,
Da ya ba mu damina, ya hore mana noma.
Ku zo zauren mai gari ku ga garma,
Ta kakanninmu, ƙotarta ta sha fama.
Ga magirbi, ga lauje, ga fartanya kuma,
Ga ɗan rumbu an ɗora jinka a sama.
Wani yaro bai san sunan sungumi ba ma,
Ɗan manomi ne kuwa, jikan sarkin noma.

Baba na Gezawa:
Ɗana, ka taɓa inda ke mini ciwo,
Zamanin gyaɗa ne ka sa na tuno.
A 1912, da jirgin ƙasa ya shigo,
Gyaɗarmu ta kama hanyar Ikko daga Kano.
Jakuna da raƙuma suna ta kawo,
Alhassan Ɗantata na saye, ana ta awo,
Buhu bisa buhu har dala ta taso.
Ni na ga ƙarshenta, da idona na gano:
Farin 1973 da ya sauko,
An sai da shanu don mudun gero.
A 1975 kuma cuta ta biyo,
Ta nannaɗe ganyen gyaɗa, bai farfaɗo.
Ku aje buhu ko guda a jikin bango,
A ce ga abin da ya gina birni, yaro.

Inna 'Yar Kura:
Baba, Allah ya ja kwana, ina rabon mata?
An rataye garma, taɓarya an manta.
Dawar da kuka girbe, wa ya sussuke ta?
Wa ya ɗau faifai da ƙwarya ya sheƙe ta?
Ran gayya, furar da kuka sha, wa ya dama ta?
Gyaɗar da ba ta hau dala ba, mu muka soya ta,
Muka matse mai, ƙuli-ƙuli ya fita.
Nan Kura, tun da madatsar Tiga ta saki ruwanta,
Shinkafa mu ke turarawa, mu shanya ta.
In babu turmi a zauren, tarihin bai kammalta.

Auta na Haɗeja:
Iyayena, a gafarce ni, ni ne ƙarami, amma akwai abin da ban ji an ambata ba.

Ƙarfe ba ya tsiro, ku tuna da iri.
Maƙeri zai ƙera garma gobe da wuri,
Wa zai ƙera dawa ƙaura in ta ɓace a gari?
Farafara da maiwa sun jure wa fari,
Yau kowa na kasuwa yake nema da sauri.
A zuba wake da toka a tulu saboda ƙwari,
A rataye zangarniya, kowace da sunanta a jeri.

Baba na Gezawa:
Auta, Allah ya yi maka albarka, ɗana,
Akwai maiwa a rumbuna, irin na ubana,
Kowace damina sai ta shiga gonana.
Zan aiko da zangarniya ta hannun jikana.

Ɗan Ringim:
Na kai wa mai gari, ya ce a kawo duka. Za a karɓa ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kowane iri a rubuta garin da ya fito.

Inna 'Yar Kura:
Ɗana, zan aiko turmi da taɓarya biyu,
Da sharaɗi guda, ka faɗa musu su jiyo:
A ba 'yan mata gero su daka, su koyo,
Ni zan zo da kaina in nuna musu luguden.