Wa ya taɓa duba maniyyin macijin ciki a madubin ƙara girma?

Malamin Bayoloji: Jama'a, ina so in nuna wa ɗalibai miyosis, wato rabuwar ƙwayar halitta da ke mayar da adadin kuromosom (zaren da ke ɗauke da gado) rabi. Wanda ya taɓa aiki da Ascaris, wato macijin ciki, ya ba mu labari.

Ma'aikaciyar Lab: Malam, nemi namiji. Bai kai macen girma ba, kuma wutsiyarsa a lanƙwashe take. In ka tsaga shi cikin ruwan gishiri za ka ga marainansa bututu ɗaya ne siriri, a cukurkuɗe kamar zaren da mage ta yi wasa da shi. Warwarewar ce aiki, da allura biyu nake yi, kuma sai ya yi ta tsinkewa. Amma in ya miƙe, komai a jere yake: daga siririn baki ƙwayoyi na ta ninkuwa, gaba kaɗan sun yi ƙiba, can kusa da jakar ajiyar maniyyi kowace ta rabu sau biyu ta zama huɗu. Ka sa safar hannu da takunkumi, ni dai ruwan cikinsa atishawa yake sa ni har ido ya yi ja.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Mu tsutsar cikin doki muka duba, Parascaris. Kuromosom ɗinta huɗu ne kacal, wani nau'in ma biyu, ga su manya, cikin sauƙi kake ƙirga su a madubin. Kwatanta da 46 na mutum! A kanta Edouard van Beneden na Beljiyam ya gano a 1883 cewa ƙwai da maniyyi rabi-rabi suke kawowa.

Malama Mai Firatikal: Ranka ya daɗe, ka gargaɗe su tun da wuri, kada su ɓata lokaci neman jelar maniyyi. Nawa kullum cewa suke gilashin ba komai a kai. Maniyyin wannan tsutsa ba ya iyo. A jikin namiji a dunƙule yake, sai bayan saduwa yake fitar da ƙafar ƙarya ya rarrafa cikin mahaifar mace irin na amiba, ƙaramar halittar nan mai ƙwaya ɗaya, da wani furotin nasa da ake kira MSP.

Malamin Bayoloji: Madalla. To, rarrafen fa, za mu gani?

Ma'aikaciyar Lab: Da wuya, Malam, sai da tsutsa mai rai da ɗumi. Wadda ta kwana a fomalin, ruwan hana ruɓewa, siffar kawai za ta nuna muku.