Shawarwarin matan zumunta kan koya wa yara dokokin Allah

Bayan sujada ranar Lahadi, mu matan zumunta mun zauna a gindin darbejiya muna tattauna yadda za a kiyaye umarnan Allah a gida. Ga abin da na riƙe.

Wata dattijuwa ta buɗe Littafi Mai Tsarki a Maimaitawar Shari'a 6:7, inda aka ce a riƙa koya wa 'ya'ya umarnan Ubangiji a zaune a gida, a kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Ta ce kada a bar wa malamin makarantar Lahadi wannan aiki shi kaɗai. Aya ɗaya da safe kafin a sha koko ta isa, muddin kullum ne.

Maganar ƙarya ce ta fi ɗaukar mana lokaci. Mai bin bashi ya yi sallama, sai uwa ta raɗa wa yaro, "Je ka ce ba na nan." Yaron nan kuwa ya haddace Dokoki Goma na Fitowa 20 tsaf! Abin ya sosa mini rai, domin na taɓa yin haka. Shawarar da aka bayar ita ce: ki fito da kanki, ki ba da haƙuri, ki sa ranar biya. In kin riga kin yi, ki kira yaron ki amsa laifinki a gabansa.

An tuna wa masu sayar da hatsi Karin Magana 11:1, cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus, don haka kada a lotsa gindin mudu.

Wata kuma ta roƙa a rage zagi wajen horo, a fara bayyana wa yaro laifinsa kafin a hukunta shi.