Wa aka taɓa faɗa wa ƙarshen fim tun bai kalla ba?

Maman Ikram:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina so in ji ko ni kaɗai abin nan ke ci wa rai. Wata uku ina bin wani shiri mai dogon zango, kullum in yara sun yi barci sai in kalli kashi ɗaya, saura min kashi biyu kacal ƙanwata ta leƙo wayata ta ce ayya Anti ai wannan na kusa da shi ɗin shi ne ya kashe uban. Wlh sai da jikina ya yi sanyi. Na daure na ƙarasa amma duk inda ya kamata gabana ya faɗi sai in ji shiru. Ku ma ya taɓa faruwa da ku?

Abban Sultan:
Kai Maman Ikram kin taɓo min inda ke min ciwo. Ni a kan Bahubali aka yi min. Na farko ya fito 2015 ya tsaya daidai inda Kattappa ya soki Bahubali ta baya, aka bar duniya da tambaya ɗaya, me ya sa ya kashe shi, muka yi ta jira har Afrilun 2017, kusan shekara biyu fa, ni da abokaina ba irin hasashen da ba mu yi ba. Ranar da na shirya zan kalla da daddare, da rana wani abokin aiki ya shigo ofis yana ta zuba, ban ankara ba ya zayyane dalilin kaf. Abin da daraktan fim ɗin, Rajamouli, ya kwashe shekaru yana ginawa ya rushe min shi cikin minti ɗaya. Har yau ba na faɗin dalilin nan a bainar jama'a, don na san akwai wanda bai kalla ba.

Uwar Biyu:
Ni ba ma mutum ne ya faɗa min ba. Lokacin Avengers Endgame a 2019 daraktocin, wato 'yan uwan nan Russo, har wasiƙa suka fitar suna roƙon masu kallo kar su tona labarin. Na fita daga gurup biyu, na daina duba sitatus, kwana huɗu ina kaffa-kaffa, sai na shiga neman wani bidiyo da ko alaƙa ba shi da fim, kawai ga hoton fuskar wani bidiyo a gefe da wanda ya mutu ƙarara da rubutu manya-manya. Ko dannawa ban yi ba. Masu yin haka don a shiga shafinsu gaskiya ba sa kyautawa sam.

Malam Na Gefe:
Ku yi haƙuri ni nawa daban ne. Ni da kaina nake neman ƙarshen kafin in fara, in ban san jarumar za ta tsira ba hankalina ba ya kwanciya, ba na ma jin abin da suke faɗa. In na sani kuwa sai in natsu in lura da yadda aka jera labarin. Akwai binciken da aka yi a jami'ar Kalifoniya ta San Diego a 2011 da gajerun labarai, aka ga waɗanda aka faɗa wa ƙarshe ba su rasa jin daɗin karatun ba, da yawa ma sun fi jin daɗi.

Maman Ikram:
Malam ai kai ka zaɓa da kanka, ni ba a tambaye ni ba. Fim zan iya maimaita shi sau goma in ga yadda aka jera shi ɗin da kake faɗa, amma kallon farko da ban san komai ba sau ɗaya ne tak, shi aka ɗauke min.

Yayan Amira:
Ni ne na taɓa yi wa wani, kuma ya dame ni sosai. Na gama sizin guda na wani shiri a kwana biyu, na ɗauka matata ta wuce wurin, na fara maganar mutuwar wata a ciki, ashe tana kashi na uku. Ba ta ce komai ba ta kashe talabijin, shirin nan ba ta sake komawa kansa ba. Da can da ake sakin kashi ɗaya duk sati kowa tafiyarsa ɗaya, amma tun da Netflix ta saki House of Cards kashi 13 a rana guda a 2013 salon ya bazu, yanzu gida ɗaya wani yana farko wani ya gama. Tun ranar sai na tambayi mutum ina ka tsaya kafin in buɗe baki.

Uwar Biyu:
To wai kwana nawa ya kamata a jira kafin a yi maganar fim a fili? Don wasu cewa suke ai ya tsufa.

Abban Sultan:
Hajiya a wurin wanda bai gani ba sabo ne ko na yaushe ne. Ɗana bana ya fara Bahubali, na gargaɗi yayyensa duka kar wanda ya ce masa uffan, jiya ya gama na farko ya zo yana tambayata Abba me ya sa, na ce je ka kunna na biyu.