Bayan Wrong Turn, wane fim ɗin gidan makasa zan nema?

Sadiku: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina neman finafinan ban tsoro irin Wrong Turn na 2003, waɗanda makasan 'yan gida ɗaya ne. A taimaka da sunaye.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, koma tushe tukuna: The Texas Chain Saw Massacre na 1974, wanda Tobe Hooper ya ba da umarni. Mutane na ɗauka jini ne ke malala a cikinsa saboda zarton inji da ke sunan, alhali jinin da aka nuna kaɗan ne ƙwarai. Ƙarar injin da ihun yarinyar da makasan suka kama ne ke sa ka ga abin da kyamara ba ta nuna ba. Duk da haka hukumar tace finafinai ta Birtaniya ba ta sake shi ga jama'a ba sai 1999. Ka lura da wurin cin abincin dare, inda suka ɗaure ta a kujera, suka sauko da kakansu da ya tsufa tukuf, suna ta lallaɓa shi ya riƙe guduma. Suna girmama tsohonsu, suna faɗa irin na wa da ƙani, sannan ga abin da suke ci, wato naman mutane. Ni wannan ya fi kowane jini tayar min da hankali. Kuma asalinsu ma'aikatan mayanka ne da inji ya raba da sana'a.

Sadiku: Wai da gaske abin ya faru, Malam?

Malam Habu: A'a. An ɗan tsakuro daga labarin wani makashi mai suna Ed Gein na jihar Wisconsin a Amurka da aka kama a 1957, shi kuwa shi kaɗai ne, ba iyali ba.

Bash: Malam, a yi haƙuri, Sadiku ɗanyen abu yake so. Ka nemi The Hills Have Eyes na 2006, aikin Alexandre Aja, wanda aka ɗauka a Maroko. Maimaici ne na fim ɗin Wes Craven na 1977. Sai House of 1000 Corpses na 2003 da The Devil's Rejects na 2005, duka na Rob Zombie.

Anti Zee: Bashir, ka faɗi suna ba ka yi gargaɗi ba. The Hills Have Eyes na 2006 da The Devil's Rejects duka akwai cin zarafin mata a ciki, mai muni. Na biyun ma ya fi ɓata min rai, don a ƙarshe so yake ka tausaya wa makasan. Wanda ba zai iya ba ya tsallake, kuma don Allah kada a kunna inda yara suke.

Bash: Gaskiya ne Anti, Sadiku ka kiyaye.

Anti Zee: In kana son dangin miji makasa ba tare da wannan ƙazantar ba, ga Ready or Not na 2019. Amarya ce dangin ango ke farauta a daren biki, cikin gidansu na alfarma. Akwai jini, amma ana iya kallo.

Nura: Ba Amurka kaɗai ba fa. Akwai Macabre na Indonesiya, na 2009, uwa ce da 'ya'yanta ke yanka baƙi. Jininsa ya yi yawa har Malesiya ta hana nuna shi.

Sadiku: Na gode ƙwarai. Da na 1974 zan fara, sai na Anti. Malam Habu, akwai da yawa masu irin sunan, ya zan gane na asali?

Malam Habu: Duba shekarar da sunan Hooper. An maimaita shi a 2003, ba shi nake nufi ba.